Ranar da Na Kalli Biri da Cikin Wata Bakwai

Ina da cikin wata bakwai na ce sai na je na kalli biri ido da ido. Ba kwaɗayin masu ciki ba ne, irin wanda mace za ta tashi ta ce sai ta ci farar ƙasa ko ta shaƙi warin fetur. Ni biri bai taɓa burge ni ba. Saboda 'yata na yi, kuma ko yau aka mayar da ni waccan Asabar ɗin, takalmina zan zura in sake tafiya.

'Yata ita ce ta fari, lokacin shekararta takwas. A nan ƙasar Turawa ta tashi, a yankin Bronx, a gidan hayar da muke zaune a Highbridge, inda duk hanyar da ka bi sai ka hau tudu. Tun tana ƙarama take son dabbobi. Bangon ɗakinta kaf hotuna ne da ta yanko daga mujallu ta manna da salatef: aku, kunkuru, hawainiya, sai birai da suka fi kowa yawa. Kowanne ta san ƙasar da yake da abin da yake ci. Idan ta fara yi maka bayani, sai dai ka nemi wurin zama.

Shekara biyu kafin wannan cikin na yi wani, ya kai wata biyar ya zube. Likitoci sun ce zuciyar yaron ce ba ta ginu daidai ba tun farko. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki, don haka ba sai an yi min dogon bayani ba. Da aka sallamo ni, a gadon 'yata nake kwanciya da rana, saboda ɗakinta ba ya kallon titi, ba hayaniya. A nan nake kwance Ummata ta kira ni daga Kano ta wayar da ake ganin juna. Ta yi min sannu, ta yi addu'a, sai na ga ta matso da fuskarta jikin wayar.

"Me nake gani a bayanki?"

Na ce hotunan yarinya ne.

"A nan kike kwanciya? Tun kina da cikin?"

Na ce wani lokacin.

Ta yi salati. Ta ce, "Mai ciki ta wuni tana kallon birai, ta ina halitta za ta cika? Ai dole."

A wajenmu haka ake cewa. Mai ciki ba ta kallon biri, ba ta kallon hawainiya, ba ta tsayawa kallon duk wata halitta mai ban tsoro, wai abin da ke ciki zai ɗauko kama ko ya lalace. Da wannan na tashi, kuma ranar ba ni da ƙarfin musu, sai na ce to. 'Yata tana zaune a ƙasa tana fenti da kalolinta. Mu iyayen nan muna da wata wauta: don yaro yana ba ka amsa da Turanci, sai ka ɗauka Hausar ba ta shiga kunnensa. Tana shiga, har ta fi Turancin zama.

A satin ta ciccire hotunan ta ninke ta tura saman durowa. Na ɗauka girma ne ya zo, ta gaji da su.

Sai da na samu wannan cikin na gane. Idan aka nuna dabba a talabijin, ta yi wuf ta canza tasha. Kwalin abin karin kumallonta mai hoton damisa, kullum sai in tarar an juya fuskarsa bango. Wata rana muna jiran bas zan kai ta makarantar Islamiyya, ashe an liƙa tallan gidan dabbobi a jikin rumfar, da ƙaton hoton biri yana cin ayaba. Sai na ji ta ja hannuna da ƙarfi, ta ce da Turanci, "Mami, rufe idonki, zan ja ki." Na yi dariya na ce wasan makafi za mu yi? Da na kalle ta, na ga ba alamar wasa a fuskarta.

Na zauna a bencin na tambaye ta. Da ƙyar ta faɗa. Ta ce ita ce ta kashe wancan jaririn da hotunanta, Kaka ta faɗa, ta ji da kunnenta. Ta ce wannan kuma ba za ta bari ya mutu ba.

Shekara biyu yarinya tana ɗauke da wannan, tana cin abinci a gabana, ina yi mata kitso, ban sani ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar ɓarin kanta.

Ba abin da ban yi ba. Na zana mata zuciya a takarda na nuna mata inda ta wancan yaron ta samu matsala. Babanta ya zaunar da ita ya yi mata bayanin ajali, cewa rai na Allah ne, shi ke bayarwa shi ke karɓa. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane. Washegari na tarar da damisar nan tana kallon bango. Ai mu muka koya mata cewa babba ba ya ƙarya, kuma a duk danginta ba wanda ya kai Kaka girma.

Ana cikin haka Umma ta iso, don ta zauna da ni har in haihu ta yi min wankan jego. Mace ce 'yar ƙarama mai zafin nama, da ɗinki ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "waccan". Ni ma ban taɓa tsayawa na ce mata a'a ba, ko da wasa. Na bari ta huta gajiyar jirgi, sannan wata rana muna tsince shinkafa a kicin na ba ta labarin duka. Na zaci za ta ce a kira mata yarinyar.

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To ai yarinya ta yi hankali. Ƙaninta take karewa."

Na ajiye farantin. A nan na yanke shawara.

Da safen Asabar muna karyawa na ce kowa ya shirya, gidan dabbobi za mu je. Akwai wani gini a can da suka yi daji a cikinsa, da ɗumi da ruwa da bishiyoyi, ko ana zuba ƙanƙara a waje shiga ake yi. Na ce can za mu, kuma har wurin birai.

'Yata ta saki cokali. Umma ta ce, "Wa da wa?"

Na ce, "Ni da cikina, da duk mai son rakiya."

"Ke, kina cikin hankalinki kuwa?"

"Ras nake, Umma."

Maigidana mutum ne mai gudun rigima, ga kunyar suruka, ko shayi ba ya iya sha a gabanta. Ya tashi ya shige ɗaki, ya yafito ni da hannu. Ya rufe ƙofa ya yi ƙasa da murya. Ya ce shi ma bai yarda da camfin ba, amma in tsaya in yi tunani. Cikin nan ba a hannunmu yake ba. Idan muka je muka dawo, wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, to mun tabbatar wa yarinya da maganar har abada.

Gaskiya ya faɗa, kuma na riga shi tunanin. Na ce, "In ya faru, da ƙafata na je. Gara ta tashi tana cewa uwarta ce mai taurin kai, da ta tashi tana cewa ita ce ta kashe ƙannenta biyu."

Ya ɗauki wayarsa. Sannan ya ce bari ya duba lokacin bas.

Da muka fito, Umma tana tsaye a bakin ƙofa ta riga kowa shiryawa. Ta ɗora ƙatuwar rigar sanyin maigidana a kan atamfarta, safa biyu a ƙafa, ga wani babban mayafi ninke a hammata. Ta ce ba za ta zauna a gida a kai mata jika gaban namun daji ba. Na tambaye ta mayafin fa, alhali tana da hijabi a jikinta. Ta ce in ja bakina in yi shiru.

Sanyin ranar irin mai shiga ƙashi ne. Ƙanƙarar da ta zuba a farkon mako ta daskare a gefen titi ta yi baƙi. Na sauko matattakalar unguwarmu ina riƙe da ƙarfe, maigida yana gabana yana tafiya da baya-baya kamar zai tare ni. Muka shiga bas. 'Yata ta zauna kusa da ni ta riƙe gefen rigata, Umma tana jan carbi tana hararar taga.

Ginin ƙofa biyu gare shi, sai ta farko ta rufe ake buɗe ta biyu. Muna tura ta biyun ɗumi ya rufe mu. Gilashin idon maigida ya yi fari fat, ya tsaya yana lalube. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga ƙarar ruwa yana zubowa daga kan dutse, tsuntsaye suna ta shawagi a sama ba keji. Umma ta tsaya cak ta shaƙi iska. Ta manta tana fushi da ni, ta ce, "Ikon Allah. Damina suka kulle a ɗaki?"

Kafin mu yi nisa gumi ya karyo wa kowa. Muka tuɓe rigunan sanyi muka jibga wa maigida, ya koma ɗan dako, kansa kawai ake gani. Hanyar ta katako ce, tana lanƙwasa tsakanin bishiyoyi. Umma ta ga ayaba da 'ya'yanta a jiki ta taɓa ganyen, ta ga aku ta ce wannan ba komai, halal ne kallonsa, har ta yi masa magana ko zai amsa. Na fara tunanin abin zai zo da sauƙi.

Sai muka shiga wani lungu mai duhu inda jemagu suke rataye a bayan gilashi. Nan na ga amfanin mayafin. Umma ta warware shi ta ɗaga da hannu biyu a gabana, ta yi min labule. Matsalar ita ce na fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Na leƙa ta sama na ce, "Sannunku da rataye." Ta yi ɗage ta ƙara ɗagawa, na zagaya ta gefe. Haka muka yi ta yi, tsohuwa da mayafi tana bin mai ciki, Turawa da 'ya'yansu suna matsawa suna ba mu hanya. Wata ma'aikaciyar wurin ta matso cikin ladabi ta tambaya ko lafiya. Maigida ya leƙo daga bayan riguna ya ce lafiya lau, al'ada ce.

A wurin hawainiya Umma ta nemi inda za ta tofar da yawu ta rasa, sai a hankici ta tofa. Ni kuwa na tsaya na ƙare mata kallo, yadda take ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya tana shawara kafin ta ajiye. Wata mata da ke kusa da mu da 'yan biyunta a keken jarirai ta ji muna Hausa, ta gaishe mu da irin Hausar mutanen Gana. Da ta fahimci abin da ake ciki ta ce wa Umma, "Hajiya, gaskiyarki. Mu ma a Kumasi mai ciki ba ta kallon wannan." Umma ta juyo ta dube ni, irin kallon kin ji ko.

Na ce, "Na gode, 'yar'uwa. Cikin nawa ne."

Duk wannan abin 'yata ba ta kalli dabba ko ɗaya ba. Yarinyar da a da za ta cika mana kunne, fuskata kawai take kallo, daga fuskar ta koma cikin. Na nuna mata wani kada da ya buɗe baki a gefen ruwa na ce ta gaya min daga ina yake. Ta faɗi sunan ƙasar a hankali, idonta a ƙasa. Na tambaye ta me yake ci. Ta ce, "Mami, mu tafi gida. Don Allah." Na ji kamar in ɗauke ta mu fita, wallahi na ji. Amma na san in muka fita a nan, ta gama yarda ke nan cewa ita ce ta cece ni.

Wurin birai shi ne na ƙarshe, kuma ya fi ko'ina girma. Gilashi ne daga ƙasa har sama, a ciki ga bishiyoyi da igiyoyi, suna ta tsalle daga wannan reshe zuwa wancan. Tun kafin mu ƙarasa 'yata ta saki rigata ta sha gabana. Ba idona ta rufe ba. Tafukan hannunta biyu ta ɗora a kan cikina ta baje yatsu, tana ƙoƙarin rufe shi duka, hawaye yana zuba ba ta ko share ba. Umma kuma ta tsaya a bayanta ta ɗaga mayafi.

Na ce, "Umma, ki sauke."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Umma, ki sauke mayafin nan."

Tunda aka haife ni ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Ita ma ta sani. Hannunta ya yi ƙasa kaɗan, ta leƙo ta sama tana kallona kamar ba ta san ni ba. Na kama hannuwan 'yata na riƙe a nawa, na ratsa ta gefen Umma, na matsa har sai da cikina ya taɓa gilashin.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji tsoro ba. Na yi karatu, na san abin da ke gina zuciyar jariri da abin da ke hana ta ginuwa, amma a ɗakin Umma na tashi, kuma abin da aka zuba maka tun kana goye ba ya fita don ka riƙe takardar shaida. Ga shi tun da muka shigo yaron bai motsa ba. Na so ya yi ko shuri ɗaya ne in ɗora hannun yarinyar a kai, ya ƙi. Na yi addu'a a zuciyata na buɗe ido sosai.

Wata tsohuwar biranya ta sauko ta zauna daf da gilashin, da guntun lemo a hannunta. Ta kalle ni, na kalle ta. Idanunta ƙanana ne masu ruwan ƙasa, fuskarta duk tamoji. Ta tsotse lemon ta yar da ɓawon, ta sosa haƙarƙari, ta juya min baya. Wannan ce dai halittar da ta hana 'yata sukuni shekara biyu, ko ta kaina ba ta bi ba.

Na dafa kafaɗar yarinyar na durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Da Hausa na yi mata magana, don kada a ce wani bai ji ba.

"Wa ya ce a zo nan?"

Ta ce da Turanci, "Ke."

"Kin ce mu tafi gida, na tafi?"

Ta girgiza kai.

"Kin rufe cikin, wa ya cire hannunki?"

"Ke."

"To ki riƙe wannan. Biri ba ya kashe jariri, hoto ba ya kashe jariri. Wancan Allah ne ya karɓi abinsa. Wannan ma in ya zo lafiya Allah ne, in bai zo ba Allah ne. In kuma wani yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ga ni nan, ni na kawo kaina. Ke ba ruwanki, jiya da yau da gobe."

Ta tsaya tana shessheƙa. Sai na ga ta waiwaya tana kallon kakarta. Na gane maganata ba ta isa ba, daga bakin da abin ya fito take jira a janye shi.

Ina durƙushe na ɗaga kai na ce, "Umma, ki faɗa mata ba ita ba ce."

Umma ta ninke mayafinta a hankali, gefe ya haɗu da gefe, irin ninkin maɗinka. Ta ce, "Ni haka na tarar. Haka aka yi min, haka na yi da cikinki, ga ki nan kin girma har kina ɗaga min murya a gaban mijinki. Ke da kika yi boko ki faɗa mata." Ta zare rigar sanyin da ta zo da ita daga hannun maigida ta bi hanyar fita.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai, har yanzu in na tuna sai na ji shi. Maigida ya ajiye riguna a ƙasa ya ɗaga ni. Ban bi ta ba. Na ce tunda mun biya kuɗin shiga sai mun gama kallo, muka tsaya a wurin har wata ƙaramar biranya ta zo wucewa da ɗanta manne a ciki. 'Yata ta saci kallonsu sau ɗaya, ta yi maza ta kawar da kai.

A bakin fita akwai kanti. Na shiga na sayi birin wasa na auduga, mai dogayen hannuwa, na fito da shi a hannu ko leda ban karɓa ba. Umma tana zaune a benci a waje cikin sanyin nan, ta ƙudundune. Ta kalli birin, ta kalle ni, ta tashi ta yi gaba zuwa tashar bas.

A kan durowar gefen gadona na zaunar da shi, yana fuskantar matashina. Kullum da safe in na shiga wanka, Umma za ta shigo gyaran gado ta juya fuskarsa bango. In na fito in juyo da shi. Ba ta taɓa yi min maganarsa ba, ni ma ban yi mata ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai "ga kununki" da "miƙo ƙafar", don duk fushin da take yi bai hana ta dama min kunun gyaɗa da matsa min kumburarrun ƙafafuna da man zafi ba. 'Yata tana ganin duk abin da ake yi. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta sai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Ya motsa?" In ce ya motsa. Ranar da ya yi lamo kuwa, ni kaɗai na san abin da nake ji, amma ko sau ɗaya ban juya birin nan bango da hannuna ba.

Sanyi ya fara sauki, bishiyoyin titinmu sun fara toho, na haihu wata Talata da hantsi. Namiji ne, ya zo da kuka kamar an mare shi. Umma ce ta fara karɓarsa daga hannun nas. Ta kai shi bakin taga ta warware zanen, ta duba yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta duba kunnuwa, ta juya shi ta shafa bayansa har ƙasa. Ina kwance ina kallonta na ce, "Umma, a duba da kyau, ko akwai wutsiya." Ta ce in ba don ina da ɗanyen jiki ba da ta make ni. Amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Da la'asar maigida ya ɗauko 'yata daga makaranta ya kawo ta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da jakarta a baya, ta ƙi shigowa. Na ce ta zo ta ga ƙaninta, lafiyarsa ƙalau. Ta tako a hankali har gaban kujerar da Umma take zaune da shi a cinya. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa yatsa ta taɓa ƙirjinsa, daidai wurin da na taɓa zana mata a takarda, ta bar yatsan a nan tana jin bugun.

Sannan ta ɗago. Ba ni ta kalla ba, kakarta ta kalla. Yarinyar da ko ruwa za ta roƙa sai da Turanci, ta buɗe baki da karkatacciyar Hausarta ta ce, "Kaka, wancan. Ba ni ba ce."

Na dafa katifa na fara yunƙurin tashi zaune, da ɗinkin da komai, don na riga na shirya, in faɗa ne a yi shi a nan. Umma ta dube ni. Ban sunkuyar da kai ba. Ta mayar da idonta kan yarinyar, sannan ta kama hannunta ta haɗa da na jaririn.

Ta ce, "Ba ke ba ce, ƙawata. Ba ke ba ce."

Ba ta ce camfin ƙarya ne ba, kuma har ta koma Kano ba ta faɗa ba. Ni ma ban nema ba. Maigida ya gaya min cewa a hanyarsu ta komawa gida ranar, suna sauka daga bas 'yata ta ja shi zuwa kantin kan kwana, ta ce ya saya mata salatef.